A Ba Ƙannenmu Mata Fili da Malama da Shekara Huɗu

Ya 'yan'uwa ɗalibai, da ku yayyenmu da kuka riga mu fita kuka kama aikin Gwamnati, muna neman aron hankalinku a kan wani al'amari wanda mutane da dama za su ce bai kai a ɓata tawada a kansa ba, watau wasannin ɗalibai mata a manyan makarantunmu. Mu da muke wannan rubutu 'ya'yan ƙasar Dawakin Tofa ne, wasunmu daga cikin garin Dawaki, wasu daga Kwa, wasu daga Tumfafi, wasu kuma daga Dawanau. Abin da ya tunzura mu kuwa shi ne abin da idonmu yake gani kullum da la'asar in an tashi daga lacca. Maza sun cika filin ƙwallo maƙil, ana ta ihu, ƙura na tashi, 'yan'uwanmu mata kuwa suna can ɗakunan kwana, mai wanki na yi, mai kallon bango na yi. Alhali kuwa ran rajista, sa'ad da aka lissafa kuɗin wasanni a cikin kuɗin makaranta, ba a rage wa mace ko kwabo ba. Ta biya kamar yadda muka biya, mu muka ci moriya.

In aka ta da wannan magana, amsar da ake bayarwa guda ce: ai matan ne ba sa so, ko an kafa musu ƙungiya ba za ta je ko'ina ba. To, kafin mu yarda da wannan amsa, bari mu ba ku labarin wata ƙungiyar wasa ta ɗalibai mata a wata ƙasa mai nisa, sa'an nan mu dawo gida mu auna.

Akwai wani wasa da ake kira lakuros, wanda ba mu san shi a ƙasar Hausa ba. Asalinsa na mutanen farko ne na Amurka ta Arewa, waɗanda Turawa suka tarar a can, kuma Faransawa ne suka raɗa masa wannan suna saboda lanƙwasasshiyar sandar da ake yin sa da ita. Kowane ɗan wasa yana riƙe da sanda mai 'yar raga a bakinta, da ita yake cafe ƙaramar ƙwallon roba, ya ruga da ita, ya wurga wa ɗan'uwansa, har a jefa ta cikin ragar abokan hamayya. A wasan mata na jami'o'in Amurka, mutum 12 ne a kowane gefe. Yadda wasan ya shiga hannun mata shi ne abin lura. Wata malama mai suna Louisa Lumsden, wadda ta taɓa shugabantar makarantar 'yan mata ta St Leonards a Sikotland, ta ga ana yin sa a Kanada a shekarar 1884, ya burge ta. A 1890 aka fara buga shi a wannan makaranta, tsakanin 'yan mata, a filinsu, kuma a kan lokaci wasan mata ya sami dokokinsa na kansa waɗanda suka hana bangazar juna irin ta maza. Wata tsohuwar ɗalibar makarantar, Rosabelle Sinclair, ta zama malamar motsa jiki, ta ƙetare teku, ta kafa ƙungiyar 'yan mata a makarantar Bryn Mawr ta birnin Baltimo a 1926. Ku riƙe wannan a zuciya: ɗaliba ce ta zama malama, ita kuma ta ɗauki wasan ta kai shi gaba.

Yanzu sai Jami'ar Northwestern, wadda take garin Evanston kusa da Shikago, a bakin Tafkin Mishigan. Ta taɓa yin ƙungiyar lakuros ta mata, amma aka rushe ta bayan kakar 1992 saboda tsuke bakin aljihu. Aka yi shekaru babu ita. A shekarar 2000 hukumar jami'ar ta yanke shawarar tayar da ita, ta ɗauko wata matashiya, Kelly Amonte Hiller, wadda a lokacin ba ta kai shekara 30 ba, amma ta ci kofin ƙasa sau biyu, a 1995 da 1996, sa'ad da take ɗaliba a Jami'ar Maryland. Aikin da aka ba ta mai wuya ne, domin a wancan zamani cibiyar wasan tana gabashin ƙasar, kuma gwanayen 'yan mata ba sa marmarin tafiya tsakiyar ƙasa su shiga ƙungiyar da ba ta da tarihi. Sai malamar ta yi da abin da ta samu. Har akwai wasu tagwaye 'yan jami'ar da ta hanga suna sassarfa a bakin titi, ta tsayar da su ta yi musu tayi, ba su taɓa riƙe sandar ba a rayuwarsu, ta koya musu tun daga tushe har suka zama ginshiƙan ƙungiyar.

A kakarsu ta farko, 2002, yawancin 'yan wasan 'yan aji ɗaya ne, suka ci wasa 5 aka cinye su 10. A 2003 suka yi kunnen doki da kansu, ci 8 faɗuwa 8. A 2004 suka ci 15 aka cinye su 3. A 2005 kuwa suka buga wasa 21 ba wanda ya kayar da su, suka doke Jami'ar Virginia da ci 13 da 10 a wasan ƙarshe, suka ɗauki kofin ƙasa. Ba a taɓa fitar da wannan kofi daga gabashin ƙasar ba sai a hannunsu. Suka riƙe shi shekara biyar a jere har 2009, suka sake ɗauka a 2011 da 2012, a 2023 kuma suka ɗauki na takwas.

Wani zai ce, ina ruwan ɗan Dawakin Tofa da wannan, jami'a ce ta masu hannu da shuni a ƙasar masu hannu da shuni? Gaskiya ne tana da kuɗi, ba mu musa ba. Amma ai tana da kuɗin a 1992 sa'ad da ta rushe ƙungiyar, kuma akwai jami'o'i masu kuɗi kamarta da suka daɗe suna wasan ba su taɓa ganin kofin ba. Abin da ya canja shi ne hukuma ta tsai da shawara, ta ɗauki malama guda ta ba ta albashi da iko, ta ba ta fili, sa'an nan ta yi haƙuri. Ku duba lissafin shekarun da kyau. 'Yan aji ɗayan da aka yi wa dukan kawo wuƙa a 2002, su ne 'yan ajin ƙarshe da suka ɗaga kofi a 2005. Watau nasarar da ake kira ta gaggawa, tsawon karatun digiri guda ta ɗauka. Da a wurinmu ne, mun san abin da zai faru bayan faɗuwa goma ta shekarar farko: a kira taron kwamiti, a ce an gwada ba su iya ba, a kwashe rigunan a kulle a sito, kuɗin kuwa a mayar wa ƙwallon maza.

Kada kuma a zaci kirkin mahukunta ne kawai ya kawo wannan. A 1972 Amurka ta kafa dokar da suke kira Babi na Tara, wadda ta hana duk makarantar da take karɓar kuɗin Gwamnatin Tarayya nuna bambanci tsakanin ɗalibi namiji da mace, har da harkar wasanni. A lokacin da aka kafa ta, 'yan matan da suke wasanni a makarantun sakandare na ƙasar ba su kai 300,000 ba. Bayan shekaru sai ga su sun haura miliyan 3. Shin son wasa ne ya faɗo musu daga sama dare ɗaya? A'a, da ma son yana nan, ƙofa ce take rufe. Saboda haka in wani ya ce mana matanmu ba sa so, sai mu tambaye shi yaushe aka buɗe musu ƙofar har suka ƙi shiga.

To, mu dawo gida, domin mu 'yan Dawakin Tofa ba ma bukatar mu ƙetare teku kafin mu san wannan darasi. Kafin 1977 magana ce a bakin mutane cewa 'ya'yan Kano ba sa iya kimiyya, likitocinmu da injiniyoyinmu sai dai a ɗauko su daga wasu wurare. A wannan shekara Gwamnatin Jihar Kano ta buɗe makarantun sakandare na kimiyya guda biyu, ɗaya a Dawakin Kudu, ɗaya a garinmu. Aka tace yara ta hanyar jarrabawa daga ko'ina a jihar, 'ya'yan birni da 'ya'yan manoma, aka ba su malamai da ɗakunan gwaji da abinci, aka bar su su yi karatu. Yau duk wanda ya shiga asibitocin Kano da ma'aikatunta da jami'o'inta zai tarar da waɗanda suka fito daga waɗannan makarantu. A 1981 aka buɗe ta 'yan mata a Taura, wadda take cikin Jihar Jigawa tun 1991, aka kuma ga cewa ƙwaƙwalwar da ake shakka a kanta tana nan ga mata kamar yadda take ga maza. Waɗanda suka ce ba za a iya ba, ina suke? Abin da ya yi aiki a ɗakin gwaji shi ne zai yi aiki a filin wasa: a zaɓa, a ba da malami, a ba da kayan aiki, a jira.

Mun san akwai dalilai uku da ake kawowa, kuma ba za mu raina masu kawo su ba, domin wasunsu iyayenmu ne.

Dalili na farko, wai mace ba ta da ƙarfin wasa. Wannan magana ta ɗan birni ce wanda bai taɓa kwana a ƙauye ba. Wace ce take surfe da daka tun da asuba? Wace ce take jan guga a rijiya mai gaba goma ta ɗora tulu a ka? Ku je Kasuwar Dawanau ku ga matan da suke wuni suna sheƙar riɗi da wake da tsince su, sa'an nan ku dawo ku yi mana bayanin rashin ƙarfi. Ƙannenmu da suke gaɗa a dandali da farin wata, suna faɗawa baya ana cafe su ana cilla su sama, ai sun san tsalle da saiti da amincewa da abokiyar wasa tun ba su shiga aji ɗaya ba. Abin takaici shi ne makaranta ce take kashe wannan kuzari: yarinya ta shigo da ƙarfinta, a zaunar da ita kan benci shekara shida, ta zo jami'a a ƙara mata huɗu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana bukatar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, yaro kuma awa guda a kullum. Ba ta ce ban da mata ba, kuma hawan jini da ciwon sukari ba sa tambayar jinsi. Mun kuma ga Maryam Usman, haifaffiyar Kaduna, ta ɗauki zinariya a ɗaga nauyi a Wasannin Ƙasashe Renon Ingila a Glasgow a 2014.

Dalili na biyu shi ne na addini da kunya, kuma shi ne mafi nauyi. Uba yana da gaskiya in ya ce ba ya son 'yarsa ta fita da gajeren wando gaban taron maza, namiji yana koya mata. Mu ma ba haka muke nema ba. Malamanmu sun karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha, ta tsere masa a karon farko, bayan wasu shekaru shi kuma ya tsere mata. Saboda haka gudun kansa ba shi ne abin ƙi ba, yanayin da ake yin sa ne abin dubawa, yanayi kuwa a hannunmu yake. Ai mun ga wasan lakuros na mata ma a makarantar 'yan mata zalla aka haife shi, a hannun malamai mata. Maganar sutura kuma duniya ta riga ta sauko: tun 2014 aka halatta rufe kai a ƙwallon ƙafa ta duniya, a ƙwallon kwando kuma tun 2017, har Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga Gasar Kofin Duniya da hijabinta a 2023. Nawal El Moutawakel, ita ma 'yar Maroko, ɗaliba ce a wata jami'ar Amurka sa'ad da ta ci zinariya a tseren mita 400 na tsallake shinge a Wasannin Olamfik na 1984, kuma ƙasarta ta karɓe ta da girmamawa.

Amma a nan ne matsalar take cizon wutsiyarta. Iyaye suna son malama mace ta koyar da 'ya'yansu. Malama mace ba ta samuwa sai in ta yi wasan a kwaleji ko jami'a. Kwaleji da jami'a kuwa ba su kafa ƙungiyar mata da gaske ba, wai don yaran ba su iya wasa tun daga sakandare ba. A sakandaren kuma ba a koya musu ba saboda babu malama. Haka za a yi ta zagaye har abada in ba wanda ya tsinke igiyar. Wurin tsinke ta kuwa shi ne nan inda muke, domin daga nan malamai suke fita. Kowace ɗaliba da ta yi shekara uku ko huɗu tana wasa a babbar makaranta, gobe ita ce za ta tsaya da usur a makarantar 'yan mata ta Kwa, iyaye su saki jiki.

Dalili na uku shi ne fili da kuɗi. Mun san ƙasarmu. Daga Dawanau har ka kai Dawaki da wuya ka ga taƙi guda da ba a nomawa, gona na jingine da gona, wadda aka bari kuma masu yankan fuloti sun sa mata ido. Don haka ne ba mu ce a kawo mana lakuros ba, ko da yake zai dawo Wasannin Olamfik a 2028 a birnin Los Angeles, kuma 'yan matan Kenya sun je gasarsa ta duniya ta 'yan ƙasa da shekara 19 a Kanada a 2019. Sandunansa daga waje ake sayo su, filinsa kuma ya kai na ƙwallon ƙafa. Hanyar muke son a ara, wasan kuwa a zaɓi wanda ya dace da mu. Filin ƙwallon hannu mita 40 ne da 20, watau za a fitar da kusan tara irinsa daga filin ƙwallon ƙafa guda. Filin ƙwallon raga mita 18 ne da 9, bai kai rabin fulotin da ake gina gida a kai ba. Raga guda, turaku biyu, ƙwallo uku ko huɗu, da katanga ko zana da za ta kare idon masu wucewa, shi ke nan. Makarantar da ta ce ba ta da wannan, ba fili ta rasa ba.

Saboda haka ga abin da muke nema, a taƙaice kuma a fili.

Na ɗaya, kowace babbar makaranta ta zaɓi wasa guda, ƙwallon hannu ko na raga ko na kwando, ta tsaya a kansa. Mai kama kifi biyu da hannu ɗaya a ruwa zai kwana.

Na biyu, a ɗauki malama mace, a rubuta sunanta a takardar albashi, wannan ya zama aikinta. Kada a ɗora wa wani malami a matsayin ɗan ƙarin aiki da zai yi in ya sami sarari. Sashen koyar da motsa jiki da kiwon lafiya na Jami'ar Bayero da na kwalejojin ilminmu suna yaye mata, a neme su.

Na uku, a keɓe fili mai shinge, a sa masa lokaci tsakanin la'asar da magariba wanda namiji ba zai shiga ba, ko da kuwa shugaban Ƙungiyar Ɗalibai ne.

Na huɗu, Ƙungiyar Ɗalibai ta nemi a buga lissafin kuɗin wasanni a allon sanarwa kowace shekara, nawa aka tara, nawa ne daga hannun mata, nawa aka kashe a kansu. Wannan aikinmu ne, kuma duk ɗan takarar sakataren wasanni da ya zo neman ƙuri'a, a tambaye shi wannan kafin a tafa masa.

Na biyar, kuma shi ne uwa uba, a yi alkawarin shekara huɗu a rubuce. Ko an cinye su a duk wasannin shekarar farko, ba mai taɓa kasonsu. Fagen gwaji yana nan yana jira: tun 1966 aka fara Wasannin Jami'o'in Nijeriya a Ibadan, kwalejojin ilmi da na fasaha su ma suna da nasu. Abin da ba ma so shi ne irin wanda muka saba gani, a tattaro 'yan mata saura mako biyu gasa, a ɗinka musu riguna, a ɗauki hoto, a kai su a kunyata su, a dawo a ce ga shi nan mun faɗa. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Ku kuma yayyenmu na Ma'aikatar Ilmi da na sakatariyar Ƙaramar Hukuma, kada ku ce ku ƙananan ma'aikata ne. Ku ne kuke rubuta daftarin farko na kasafin kuɗi, ku ne kuke tsara takardar tura malamai, kuma layin da kuka saka da wuya manya su goge shi, wanda kuka manta kuwa ba mai tuna shi. In takardar neman raba filin wasan wata makarantar 'yan mata ta biyo ta teburinku, ku tuna da ƙannenku. Waɗanda suka tsara makarantun kimiyya a 1977 su ma ma'aikata ne masu biro da fayil kamarku.

Kalma ta ƙarshe ga 'yan'uwanmu mata. Mun san za a yi muku dariya a makon farko, wasunmu ma za su kasance cikin masu dariyar, Allah ya shirye mu. Amma ƙungiya ba ta kafuwa sai an sami mutum goma sha biyu da suka yarda su fara ba su iya ba. Tagwayen nan da aka tsayar a bakin titi ba su fi ku komai ba, tayi aka yi musu suka amsa. Ku rubuta sunayenku, ku kai ofishin Ƙungiyar Ɗalibai, ku nemi haƙƙin kuɗin da kuka biya. Mu kuma mun ɗauki alkawari za mu sa hannu a ƙarƙashin naku, za mu kuma bar muku filin in lokacinku ya yi.

Allah ya ba shugabanninmu kunnen ji, ya ba ƙannenmu lafiya da ƙarfin zuciya, ya sa mu ga ranar da 'yar Tumfafi ko 'yar Kwa za ta shigo gari da kofi a hannu, mahaifinta na gaba wajen tarya. Amin.